Tsanwar Wuta a Maƙerar Babana

Bana ruwa ya zo mana sau ɗaya, mai kyau, kowa ya ɗauki iri ya fita. Hatsi ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai ruwan ya ɗauke. Mako na uku ke nan. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi, mata su kwashe shanya, sannan iska ta zo ta watsa shi. Da safe in na fita bayan gari nan Tawa, wajen ƴar gonata, sai in tarar ganyen ya naɗe kamar an murza shi da hannu. Matasa suna cewa ba a taɓa yin irin wannan ba. Ba na musu da su, amma ni na ga wadda ta fi ta.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da fizik a lise, babbar sakandare, kafin in ajiye alli. Akwai darasi guda da yake faɗowa a ƙarshen shekara, cikin tsakiyar zafi, lokacin da ɗalibai ke fifita da kaye, littafin rubutunsu: yadda haske yake fitowa daga ƙwayar zarra, wadda muke kira atom. Ban taɓa koyar da shi ba tare da muryata ta shaƙe ba. Ɗalibaina sun ɗauka ƙishirwa ce.

Babana maƙeri ne a wani ƙauye arewa da Barmu. A shekarun lafiya, bazara ita ce lokacin aikinsa. Tun bayan sallar asuba ake jin masaba daga rumfarsa, manoma suna zaune a gindin bango da hauyoyinsu da sungumansu, kowa yana so a gama masa kafin ruwa ya sauka. Sai da kaka suke kawo masa dami. Saboda haka in gonakin gari suka yi, rumbunmu ya cika. In ba su yi ba, gidan maƙeri ne yake fara sani. Wana Hamidu shi ne mai zuga. Ni aka ba lakwal, makarantar boko, don hannuna bai cika ƙarfi ba, kuma Baba ya ce ba zai ɓata gawayi a kaina ba.

Shekarar da nake ajin ƙarshe, damina biyu ke nan a jere ba a girbe komai ba. Hamidu ya bi samarin gari zuwa Abijan neman abin da zai aiko, kuma tun tafiyarsa ba a ji labarinsa ba. Ni ina antarna, sashen ɗalibai masu kwana, a Tawa, inda ake ba mu abinci sau biyu a rana. Ba mai daɗi ba ne, shinkafa ce da ɗan mai ko garin masara, amma ina ci ina ƙoshi. A bayan katangar lise kuwa mutanen arewa ne suka kafa bukkoki da tsummoki da kwali, Hausawa da Buzaye a haɗe, waɗanda dabbobinsu suka ƙare. In an buga ƙarfen cin abinci suna ji. Na koyi cin abinci kaina a sunkuye. Na kuma samo gwangwani ina tara busasshen burodi a ciki, don in kai gida in an ba da hutu.

Mai koya mana fizik sunansa Mushe Garba, don mushe muke ce wa malami. Siririn mutum ne mai ƙaramar murya. Ana saura kwana kaɗan a ba da hutun da ake yi kafin jarrabawa, ya shigo ya zana layuka a tabulo, allon aji, wani bisa wani, kamar tsani. Ya yi bayani da Faransanci, ya juyo ya ga rabin aji yana gyangyaɗi, sai ya rufe ƙofa ya koma Hausa, abin da ba a yarda da shi ba a lokacin.

Ya ce, “Kowane atom yana da ƴan ƙananan abubuwa da ake kira elektaron. Ba su zama inda suka ga dama. Matakai gare su, kamar wannan tsanin, kuma ba mai tsayawa tsakanin mataki da mataki. In wuta ta ba ɗayansu ƙarfi, sai ya haye sama. Amma ba ya daɗewa can. Zai sauko, kuma in zai sauko sai ya mayar da ƙarfin da ya karɓa. Wannan ƙarfin shi ne yake fitowa haske. In saukar doguwa ce, launin daban. In gajera ce, daban. Kowane irin abu da tsaninsa, don haka kowane da launinsa. Gishiri rawaya yake bayarwa. Kun taɓa ganin miya ta zuba a wuta?”

Kowa ya taɓa gani. Ya ce da muna da gas da ya nuna mana na jan ƙarfe, amma tun bara tulun gas ɗin lise ya ƙare.

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na ce, “Mushe, tsanwa ce. Babana maƙeri ne, na sha gani.”

Wasu suka yi dariya, domin ba kowa ne yake faɗin cewa shi ɗan maƙeri ne a gaban mutane ba. Mushe Garba bai yi dariya ba. Ya ce, “To, babanka ya fi mu kayan aiki. In ka je ka gaishe shi.”

Da aka ba da hutu na hau kamyo, motar kaya, ranar kasuwar Barmu, daga can na taka da ƙafa. Hanyar da na sani ce amma ban gane ta ba. An sassare rassan gawo duk an ba dabbobi, itatuwan suna tsaye kamar an aske su. Ga mushen shanu a gefen hanya, fata ta bushe a kan ƙashi, ko ungulu ta daina kula su. Duwatsun fako suna mayar da zafi ta cikin takalmi. Da na shiga ƙauyenmu na ga gidaje da yawa an ja musu ƙaya a ƙofa.

Inna na tarar a tsakar gida tana tsame anza daga tukunya. Wanda bai ci anza ba ba zai gane ba. Ƴaƴan wani ɗan itace ne na daji, masu ɗaci kamar maɗaciya, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. A shekarar kuwa ruwan sauyawar ma babu, don haka da sauran ɗacinsu muke ci. Na ba ta gwangwanin burodi. Ta buɗe, ta duba, ta rufe, ta kai ɗaka. Da maraice ta jiƙa guda biyu ta ba Baba, ta ce masa ita ta riga ta ci nata.

Baba ya rame. Hannuwan nan da nake tsoro ina yaro sun koma jijiya, kuma yana wani tari da yake sa shi dafa ƙasa. Amma maƙera ba ta mutu ba, saboda rijiya. Ruwan rijiyar gari ya ja ƙasa, mata su kwana a layi guga ya fito da laka. Mazan da suka rage suka yi shawara a ƙara mata zurfi, sai suka tarar da dutse. Kullum dagi biyu ko uku suke dakushewa, kullum sai Baba ya sake musu baki. Ba mai ba shi komai, ba shi kuma tambaya. Tun tafiyar Hamidu Inna ce take yi masa zuga. Da na zo na karɓe ta.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. Bayan asuba mu hura wuta, da gawayi kaɗan, domin buhu ɗaya ya rage kuma Baba yana ɗibarsa da tafin hannu kamar mai awon magani. Kafin hantsi mu gama, in ɗauki dagunan a kafaɗa in kai bakin rijiya. A can a ɗaura wa mutum igiya a sauke shi, ya yi sara har numfashinsa ya fara ɗaukewa, a jawo shi a sauke wani. Mu na sama muna jan bokitin tsakuwa. Ba a hira sosai, don magana ma tana cin ƙarfi. In rana ta take kowa ya nemi inuwa ya kwanta. Abinci sau ɗaya ne, bayan la'asar: anza, ko ganyen jiga da aka dafa da ɗan gishiri, wani lokaci kunun dusa.

Wata safiya aka kawo ƙugiyar da ake sauke mutane da ita, ta tsage a wuya. Babu wani ƙarfe mai kaurinta a garin. Baba ya juya ta a hannu, ya ce sai dai a like ta da jan ƙarfe, shi kuwa ba shi da ko ƙwaya. Inna tana bakin rumfa tana ji. Ta zare munduwar jan ƙarfe da ke hannunta, wadda ban taɓa ganin ta ba tare da ita ba, ta ajiye a kan uwar maƙera ta koma bakin rumfa ta zauna. Ba ta sha wuyar zarewa ba, hannun ya riga ya sirance.

Baba ya datsi yanki, ya ɗora a kan tsagar, ya tura cikin wuta da awartaki. Ya ce in ƙara hannu. Rumfar tana da duhu-duhu ko da rana, don haka na gani sarai: harshen wutar ya juya tsanwa, shar, yana lasar ƙugiyar. A garin da ba ko ganye ɗaya ɗanye, idona ya daɗe bai ga wannan launin ba.

Na ce, “Baba, yanzu na san abin da ya sa take yin haka.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “To, hwaɗa mini. Amma kada hannunka ya tsaya.”

Na faɗa masa, ina zuga ina haki. Na yi masa zancen tsani da matakai, da hawa da sauka. Na yi zaton zai yi mini dariya, ko ya ce zancen Nasara ne. Sai ya fid da ƙugiyar, ya duba likin, ya ajiye ta ta huce, ya zauna a kan kututturensa.

Ya ce, “Hasken, wajen hawa yake hita ko wajen sauka?”

“Wajen sauka.”

“Kuma kowane ƙarhe da launinsa, ba ya sakewa?”

“Haka mushe ya ce.”

Sai ya ɗauki wani guntun dagi ya nuna mini. Ya ce, “To, wanga hwa? In na sa shi wuta, ja yake fara yi. In ka ƙara zuga ya koma ruwan ɗorawa. In ka ƙara ya yi hwari. Da launin nake sanin lokacin bugu. Shekara arba'in ina kallo. In kowane da launinsa guda, mi ya sa baƙin ƙarhe yake sake riga har uku, jan ƙarhe kuwa tsanwarsa ɗaya?”

Na juya abin a kaina ta kowace fuska. Na ce ban sani ba.

Ya ce, “Ashe da saura.”

Ana gobe hutu zai ƙare na same shi bayan la'asar na faɗa masa abin da na yanke. Na ce ba zan koma ba. Ba zan iya zama Tawa ina cin shinkafa Inna tana zuga ba. Zan tsaya har ruwa ya sauka mu yi shuka, in ya so baɗi in sake. Na shirya maganata sosai, na yi tsammanin faɗa.

Ya bar ni na gama. Ya ce, “Isuhu, in ka zauna, bakin ci ya zama uku. Can ana ba ka. Wannan ɗaya ke nan.” Tari ya kama shi, na jira. “Na biyu, na yi maka tambaya ba ka amsa ba. Ka tahi ka tambayo mini mushenka. In ka gama rubutunku ka kawo mini. Ina son in sani.”

Na ce, “Baba, wannan ba dalili ba ne.”

Ya ce, “Gare ni dalili ne.”

Na koma. Ranar farko na tare Mushe Garba a bakin aji na faɗa masa. Ya sa na maimaita tambayar, ya ce, “Babanka ne ya yi wannan? Da bakinsa?” Ya ja ni cikin aji ya ɗauki alli. Ya ce ɗan abin da wuta take ɗauka daga jan ƙarfe tana tashi da shi, a warwatse yake cikin harshen wutar, kowane ƙwaya ita kaɗai, don haka tsaninta a fili yake, saukarta iri ɗaya, launinta ɗaya. Guntun baƙin ƙarfe kuwa dunƙule yake, atom ɗinsa a cunkushe, kowane yana matse da maƙwabcinsa, har matakan nasu suka haɗe suka zama kamar gangare. A gangare ana iya saukowa daga ko'ina zuwa ko'ina, don haka duk launuka suna fita a gauraye, zafi ne kawai yake zaɓar wanda zai rinjaya. Ya ce, “Manyan masana sun daɗe a kan tambayar nan. Ka faɗa masa haka.”

Na rubuta amsar a bayan kayena, da Hausa, na yi ta gyara ta don ta yi daidai da kunnen Baba.

A shekarar azumi ya faɗo cikin bazara. Muna karatu a ƙarƙashin dogon yaro, leɓe a fashe, muna jiƙa riga mu sa, kafin mu gama shafi ta bushe. Sai can wajen tsakiyar azumi, wata rana da azahar, ruwa ya sauka. Duk lise muka fito muka tsaya a ciki da tufafinmu. Mutanen bayan katanga suna tara kwanoni. Ƙamshin ƙasa ya tashi har yana sa mutum jiri. Na yi murna ranar, na ce yanzu Baba yana can ana yi masa layi da sunguma.

Muka shiga bak, jarrabawar fita. Ranar da muka rubuta takarda ta ƙarshe na fito ina jin kaina sakayau, sai na ga Mushe Garba a bakin ƙofa, shi da ba ya cikin masu tsaro. Ya ce in zo mu taka. Muka yi tafiya har ƙarshen katanga. Sannan ya tsaya.

Ya ce, “Isuhu, sai haƙuri. Allah ya yi wa babanka rasuwa.”

Na tambaye shi yaushe.

“Yau kwana goma sha ɗaya. Wani mutumin garinku ya zo kasuwar Lahadi ya neme ni. Ya ce marigayin ne ya bar sallahu, kada a faɗa maka sai ka ajiye alƙalami, kuma ni za a ba saƙon, ba wani ba.” Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. “Kullum ina ganin ka a gindin itacen nan kana karatu. Ka yafe mini.”

Na yi shekaru ban yafe masa ba. Daga baya, da na zama malami ni ma, na je na same shi.

A hanyata ta zuwa gida bayan jarrabawa aka ba ni sauran labarin. Rijiya ta ba da ruwa kwana kaɗan kafin azumi. Da ruwan sama ya sauka, an samu ɗan iri da aka raba, Baba ya gyara wa mutane sungumansu da ragowar gawayin, sannan ya ɗauki nasa ya fita gona da azumi a bakinsa, Inna tana bin sa tana jefa iri. Ruwa na biyu ya same su a can ya jiƙa shi. Zazzaɓi ya kama ƙirjin da dama ba shi da ƙarfi. Kwana huɗu ya yi.

Na iso gari da hantsi. Ƙasa ta yi ɗan kore-kore, awakin da suka tsira suna tsinkar sabuwar ciyawa. Inna tana zaune a ɗaka cikin takaba. Na durƙusa, muka yi abin da ake yi, mata suka shigo suka fita. Da ɗakin ya rage mu biyu sai ta gyara zama.

Ta ce, “Ya ce akwai abin da ya aike ka ka tambayo.”

Na ce, “Akwai, Inna.”

“Ka samo?”

“Na samo.”

“To, ya ce in ka zo ka hwaɗa mini.”

Na ce mata zancen wuta ne da ƙarfe, ba wani abu ba ne. Ta ce ta sani, ai tana bakin rumfa ranar. Na fiddo kayen, amma ban iya ganin rubutun ba, sai na rufe shi na faɗa da ka. Na yi mata zancen ƙwayar da take ita kaɗai cikin harshen wuta, da na waɗanda suke cunkushe cikin guntun ƙarfe, da tsani, da gangare. Inna ba ta taɓa shiga lakwal ba, kuma na san ba ta bi ni ba ko rabi. Amma ba ta kau da ido ba har na kai ƙarshe.

Ta ce, “Ke nan ba kuskure ya gani ba.”

Na ce, “A'a. Daidai ya gani. Mushe ya ce manyan masana sun daɗe a kan tambayar.”

Ta jinjina kai a hankali, kamar yadda take yi in an kawo mata saƙo daga nesa.

Ta ce, “Shi ke nan, na karɓa masa.” Sannan ta nuna mini bayan ƙofa da haɓa. “Ga hauyarsa can. Gonar ta yi haki, ni kuwa ba ni hita sai na gama kwanakina.”

Na ɗauki hauyar na tafi. Layukan shukarsa suna nan a miƙe tun daga bakin gona, hatsin ya kai tsawon taƙi. Sai wajen gabas, kusa da iyaka, na ga sun fara karkacewa, tazarar ramukan tana raguwa, har inda suka tsaya. Daga nan na fara noma.